Tun bayan zaɓe, wa ya sake ganin ɗan majalisarsa?

Mai Shayin Bakin Tasha: Salamu alaikum jama'a. Wanda abin ya faru da shi nake so ya amsa, ban da ji-ta-ji-ta. Tun zaɓen Fabrairun 2023, akwai wanda ya samu zama da ɗan majalisar tarayya na mazaɓarsa? Namu dai lokacin kamfe har teburina ya zauna, ya sha shayi da burodi, ya ba ni lambarsa da hannunsa. Da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, sukari da madara suka bi ta. Na kira lambar nan, a kashe. Har yau a kashe take.

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam. Mu shida muka je ofishinsa na mazaɓa kan rufin azuzuwa biyu da iska ta yaye. Kwaɗo muka tarar a ƙofa. Mai gadi ya ce oga yana Abuja, sai dai da salla. Muka bar takarda muka dawo. Da azumi ya kama sai ga shinkafa mudu bibbiyu a leda mai hotonsa, ita ma sai wanda shugaban jam'iyya na unguwa ya sani. Yarana har yanzu a gindin darbejiya nake koya musu. Abin da ya fi ƙona min rai, a 2023 ne aka saya wa 'yan majalisa manyan motoci, sanatoci 109 da wakilai 360.

Tsohon Ejan: Malama, Allah Ya ba ki haƙuri, amma a yi adalci. Ni na tsare wa namu akwati ranar zaɓe, kuma na ga gidansa da salla: layi har titi, wannan takardar asibiti, wancan suna, wani kuɗin aure. Ko rijiya ce sai ta ƙafe. Rufin aji kuma aikin ƙaramar hukuma ne da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Aikin ɗan majalisa shi ne yin doka da sa ido kan kasafin kuɗi. Ko da yake ni ma tun kuɗin ejan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Ɗan Adaidaita, Kano: To Baba, mu je kan dokar. A Mayun 2024 cikin 'yan kwanaki suka dawo da tsohon taken ƙasa, an ce ga sauri! Mafi ƙarancin albashi kuwa sai da ƙungiyar ƙwadago ta tafi yajin aiki kafin a kai naira dubu 70 a watan Yuli, lokacin buhun shinkafa ya fi haka. Da kunnena na ji Sanata Kawu Sumaila yana gaya wa BBC Hausa cewa abin da ke shigo masa a wata ya kai naira miliyan 21. Ni da zanga-zangar watan Agusta ta jawo dokar hana fita, babur a ajiye, mai shi kuma bai yafe balas ba.

Ɗalibin Lauya: Mu mun gwada kiranye a unguwarmu. Sashe na 69 na tsarin mulki yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, sannan INEC ta tantance. Da muka fito da takarda, kowa ya ce kada a rubuta sunansa, gobe zai iya neman alfarma. Ko na Sanata Dino Melaye a 2018 da na Sanata Natasha a 2025 ba su kai labari ba, balle namu.

Mai Shayin Bakin Tasha: Na gode 'yan'uwa. Ga sabon labari: jiya da daddare wani yaronsa ya zo teburina, ya ce oga yana gaishe ni sosai, yana tambaya mutum nawa ke da katin zaɓe a layinmu. Na haɗa masa shayi, na kuma karɓi kuɗina kafin ya kai kofin baki.