Farin inabin nan mai ƙamshin fure, wa ya san shi?

Maman Amira: Salamu alaikum 'yan zaure. Da na je wa ƙanwata jego a Italiya an kawo mana wani farin inabi, ƙwayoyinsa manya, launin ruwan ɗorawa. Kafin ki kai baki ƙamshi ya riga ya cika ɗakin, kamar furen wardi. Tun da na dawo Kano duk wanda na saya zaƙi kawai gare shi. Don Allah wa ya san sunansa?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Yana da 'ya'ya a ciki?

Maman Amira: Eh Yaya, biyu ko uku.

Yaya Babba: To muskat ne, wato dangin inabi masu ƙamshin fure. In a kanti aka saya, nemi mai suna Italia, wanda wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Alberto Pirovano, ya samar a 1911 ta hanyar haɗa iri biyu, ɗaya daga cikinsu muskat ne. Wanda ake kawo mana a robobi galibi marar 'ya'ya ne irin su Thompson, shi kuwa da ma ba shi da wannan ƙamshin.

Baffa na Keftawun: Hajiya, ni muskat na Iskandariya zan ba ki shawara. A nan Afirka ta Kudu hanepoot ake ce masa, yana nuna wajen Fabrairu zuwa Maris. Kada ki ɗauki kore shar. Ki zaɓi wanda ya yi rawaya, fatarsa ta ɗan yi ɗigo-ɗigo inda rana ta buga. In kin ciro shi daga firji ki bar shi ya sha iska, sanyi yana danne ƙamshin.

Maman Amira: Na gode Baffa. Amma an ce da shi ake yin giya, hankalina ya ɗan tashi.

Malam: Gaskiya ne Turawa suna yin giya da shi, saboda wannan ƙamshin nasa. Cin ɗanyensa ko busasshensa kuwa halal ne, kamar kowane inabi. Abin da ya fi burge ni ma, a tsibirin Pantelleria, tsakanin Sisili da Tunisiya, sunansa zibibbo, daga "zabib" na Larabci, inda mu ma muka samo zabibi. Saboda ƙarfin iska, a ɗan rami suke shuka shi su bar shi gajere, har UNESCO ta sa wannan salon noma cikin gadon al'adun duniya a 2014.

Anti ta Sifen: Ɗanyen ba ya jure doguwar tafiya, ƙanwata. Ki yi saƙon zabibin Malaga ta nan Sifen, da muskat na Iskandariyan ake yinsa. A kan gangaren duwatsu suke shanya shi da reshensa, rana ce kaɗai ke busar da shi. Nakan jiƙa shi da ruwan ɗumi, in cire 'ya'yan, in zuba a fura da nono. In sha Allahu zan shigo a watan Disamba, zan riƙo miki kwali ɗaya.

Maman Amira: Allah ya saka da alheri Anti, ya kawo ki lafiya. A sa mini biyu, ɗaya na Hajiyarmu ne.