Tsohon mutum: ya mutu ne ko suma ya yi?

Ɗan Gulbi: Salama 'yan'uwa. Wa'azin Lahadi a kan Romawa 6, zancen tsohon mutum, wato tsohon halinmu na zunubi, ya hana ni barci. Mai iyawa ya amsa.

An ce tsohon mutum ya mutu ran baftisma,
Nawa da na leƙa, ashe ya yi suma,
Fasinja ya rage mini dala ashirin a tasha,
Sai ya tashi da zagi, har da rantsuwa ma.

Baba na Tsibiri:
Yaro, Manzo Bulus ma ya yi wannan kuka,
Romawa bakwai, buɗe ka gani da idonka,
Nagarin da yake so bai yi, mugun da ya ƙi shi yake yi,
Sai dai kai fura kake dama wa naka.

Ɗan Gulbi:
Baba a gafarce ni, damun a gidanka na koya,
Ran taron dattawa wa ya harba kujera baya?
Tsohon mutum naka ya ga jiya ya ga yau,
Ga furfura fal, amma bai san gajiya.

'Yar Zumunta: Kai! Baba yi haƙuri, wannan ta shiga. Mai kabu-kabu ya sha kwana da kai.

Mai Gyaɗa:
In dai alheri ya biya bashin duka,
Me ya kawo dogon kuka?
Muduna ya ɗan lotsa a gindi,
Alheri zai cike, ku bar shakka.

'Yar Zumunta:
Mai Gyaɗa, koma farkon sura ta shida,
Tambayarka Bulus ya riga ya faɗa,
Mu ƙara zunubi don alheri ya yawaita? Ya ce ko kaɗan,
Bawan da aka 'yanta bai kwana zauren tsohon ubangida.

Ka je maƙera su buga maka gindin mudun nan.

Malam Arulli: Ku dakata. Yaya, "shida" da "faɗa" ba amsa-amo ɗaya ba ne, da daban ɗa daban. Ɗangonki na uku kuwa ya fi hanyar Dakoro tsawo. Mai Gyaɗa kuma amsa-amon Baba ya sata, har da "kuka" ɗin.

'Yar Zumunta: Malam, nan ba lakwal ba ne. Kunne ke jin waƙa, ba jan biro ba.

Mai Gyaɗa: Aro na yi, ba sata ba.

Malam Arulli: Haka ka ce wa mudun.

Ɗan Gulbi: Ina bayan Yaya. Malam, shekara biyu kana awon baitocin mutane, naka ko ɗaya ba mu gani ba.

Baba na Tsibiri: Na je Danja dubiya, shi ya sa kuka ji ni shiru. Ɗana, kujerar gaskiya ce. Amma na tsaya gaban ikkilisiya na roƙi gafara, wannan ɗangon ka manta da shi. Karɓi:

A 1945 Gulbi ya cinye tsohon gari,
Aka kwashe Maradi aka hau tudu da sauri,
Gulbin bai mutu ba, da rani yashi ne kwance,
Damina ta faɗi, ya taso yana ruri.

Halin mutuntaka ke nan, yana kwance yana jira,
Mu kuwa Yesu ya ɗauke mu zuwa tudun alheri,
Shari'a ta nuna bakin ruwa, ba ta tsamo kowa,
Kai ke saukowa ka kafa bukka a kwari.

Romawa 6 aya ta 14 cewa ta yi zunubi ba zai mallake ku ba. Ba ta ce ba zai yi sallama a ƙofa ba. Galatiyawa 5:17 ma ta faɗa, jiki da Ruhu kokawa suke.

'Yar Zumunta: Tsoho ya dawo! Na janye ƙuri'ata daga wajen mai kabu-kabu.

Malam Arulli: Ma'ana ta yi, Baba. Amma a karanta 1945 da baki a ji: dubu ɗaya da ɗari tara da arba'in da biyar. Wane kari ne zai ɗauki wannan kaya?

Baba na Tsibiri: Malam, kar ka sa in nemi kujera.

Ɗan Gulbi:
Baba sauka daga kwarin, ko in ce hau,
Na karye karin, Malam sai ka yi haƙuri yau.

Ga fasinja zuwa unguwar Ali Ɗan Sofo, tun bai hau ba yana neman ragi.

Malam Arulli: Ƙwar biyu ce, kuma ɗango na farko ya ɗingisa.