Mayar da kiɗan MIDI zuwa rubutu a takarda: abin da kowa ya gani

Malamin fiyano daga Jos:
Assalamu alaikum. Makon jiya na kaɗa wani ɗan gajeren kiɗa, na naɗe shi a fayil na MIDI (tsarin da kwamfuta ke adana notocin da aka kaɗa), sannan na buɗe shi a manhajar rubuta kiɗa domin in buga wa ɗalibaina a takarda. Abin da ya fito ya ɗaure mini kai, domin kiɗan da bai kamata ya wuce shafi ɗaya ba sai da ya cinye shafi huɗu, kowace gaɓa cunkushe da ƙananan alamomin shiru da igiyoyi masu ɗaure nota da nota, har ni da na kaɗa shi da hannuna na kasa karantawa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga wannan hali su gaya mana yadda suka fita.

Mai haɗa kiɗa a situdiyo, Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Tun da aka fito da tsarin MIDI a 1983, ba sauti yake adanawa ba, lissafi kawai yake yi: wane maɓalli aka danna cikin 128, yaushe aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. Hannun ɗan Adam kuwa ba ya sauka daidai kan bugu, kuma jinkirin da kunne ba zai ji ba, manhaja za ta rubuta shi a takarda tsakani da Allah. Abin da na koya bayan na sha wuya shi ne in ajiye fayil biyu. Na farko ina barinsa da ɗanɗanonsa don saurare, na biyu kuma ina yi masa kwantayiz sosai, in ja farkon kowace nota da ƙarshenta su zauna kan bugu. Yawancinmu farkon muke gyarawa mu mance da ƙarshen, alhali daga nan ne waɗannan ƙananan alamomin shiru suke fitowa. Inda na gaza har yau shi ne muryar kalangu, wadda nake kwaikwaya da 'yar wilin lanƙwasa sauti da ke gefen fiyano. A takarda sai ta fito a miƙe, duk hawa da saukar da ke sa kalangu ya yi magana sun ɓace, sai dai in zana su da biro.

Mai jagorantar mawaƙan coci, Kaduna:
Malam, ni tawa matsalar daga awon bugu ta taso. Waƙarmu tana tafiya ne a 6/8, amma wanda ya naɗa mana ya bar na'urar a 4/4, saboda haka takardar ta fito da lamba 3 a saman kusan kowane gungu na nota. Na kwana biyu ina gyarawa ɗaya bayan ɗaya kafin na haƙura na sa aka sake naɗewa a awon da ya dace, tare da agogon bugu a kunne, kuma hakan bai ɗauki rabin sa'a ba. Na kuma lura cewa MIDI ba ya bambanta sunaye biyu na baƙin maɓalli ɗaya, lamba guda yake ba su, don haka sai an gaya wa manhajar makullin waƙar tun farko. Muryoyi huɗu kuwa, kowace a ba ta layinta, a adana fayil ɗin MIDI ɗin a nau'i na 1, domin nau'i na 0 yana tattara komai a layi guda.

Tsohon mai busa a bandin makaranta:
Ƙanena, ka kula da kayan busa. Na taɓa raba wa yara takardar da aka ciro kai tsaye daga MIDI, da aka fara sai masu tirampet suka sauka mataki ɗaya ƙasa da kowa, saboda nasu rubutun dole ne a ɗaga shi mataki ɗaya sama da sautin da ake so a ji. Ganguna kuma su zauna a tasha ta 10 ta MIDI, wadda aka keɓe musu, in ba haka ba za su fito tamkar notocin fiyano.

Malamin fiyano daga Jos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake naɗewa a hankali, hannun dama daban, na hagu daban, ban taka feda ba, na gyara farko da ƙarshen notoci, sannan na buɗe a manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore, wadda kyauta ce. Yanzu shafi ɗaya ne da layi biyu, kuma alamomin ƙarfi da lambobin yatsu da kaina na sa su. Wata ɗaliba 'yar shekara 11 ta karanta shi jiya har ƙarshe, gaɓa ta 14 ce kawai ta tsayar da ita.