Musayar tsofaffin kaset na Shata: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinta daga bakin 'yan'uwa:

1. Kowa ya yarda kada a ba da aron kaset na asali, kwafi ake bayarwa. Rediyo na cinye zaren, shi ke nan.

2. A juye shi zuwa kwamfuta tun zafi da ƙura ba su lalata shi ba. Ban da kara waya a bakin lasifika.

3. A rubuta garin da aka yi wasan da shekarar. Wannan ya fi damuna, domin Shata ya rasu tun 1999, dattawan da suka halarci wasanninsa kuma sai raguwa suke yi.

4. A kan sayarwa aka rabu. Wasu sun ce musaya kawai, wasu suka ce wanda ya nemo kaset ɗin ya sha wahala, a biya shi. Kaɗan suka tuna da haƙƙin iyalan Shata.