Musayar Waƙa: Kewar Bayan Babbar Sallah

Malamin lakwal, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa ma'abota waƙa. Yau mako guda ke nan da Babbar Sallah, baƙin da suka cika gidanmu a nan Maraɗi duk sun watse, ni kuma na koma aji tun ranar Litinin, amma har yanzu jikina bai yarda cewa hutu ya ƙare ba. Lafiyata ƙalau, babu kuma wanda ya ɓata mini rai. Wani nauyi ne kawai ya zauna mini a ƙirji tun lokacin da na raka Yaya tasha, na dawo na tarar da tsakar gida wayam. Da yake ɗalibaina suna shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, ba ni da halin zama in yi ta jinyar zuciya, shi ya sa na zuba abin a baitoci. Na ɗora amsa-amon a kan “wa”, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa mini ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai dare da rana, Mai juyawa,
Mai mulkin da ba ya gazawa,
Shi ya kawo Sallah, ga ta tana shuɗewa.

Tsira da aminci ga Annabinmu,
Da alayensa, su ne jagororinmu,
Da sahabbai da dukan malamanmu,
Har ranar da sammai ke naɗewa.

Ran Sallah gidanmu ya batse,
Ko'ina ƙamshin nama da kitse,
Ana ta hira, babu mai katse,
Har dare ya raba, ba mai gajiyawa.

Yau na tarar an naɗe tabarma,
Tsakar gidan ta yi mini girma,
Turken ragon yana nan tsaye ma,
Igiyarsa a ƙasa, ba mai ɗaukewa.

Yaya ya hau mota ya nufi Yamai,
Ƙanena Agadas, ya ɗaga hannu kawai,
Inna ta bi su da ido sosai,
Har ƙurar motar ta gama bajewa.

Litinin ta yi, na ɗauki alli,
Zuciya da nauyi, ba dalili,
Yara sun ga canji a nawa hali,
Hannu na rubutu, hankali na guduwa.

Kuɗin ragon ma akwai saura,
Dillali ya aiko, ya kuma ƙara,
Albashi da nisa, sai dai in jira,
Nama na raguwa, bashin bai raguwa.

Ƴan'uwa, ku ba ni amsa a waƙa,
Wannan kewa, maganinta ƙaƙa?
Na kwana ina warwara da saƙa,
Ko ni kaɗai ne cikin damuwa?

Uwar gida, unguwar Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam, Malam, barka da shan hidima. Na karanta baitocinka, sun yi daɗi, sai dai kalmar hutu da ka ambata ta tsaya mini a wuya. Gaskiya ne maza ke yanka da fiɗa, su ne kuma ke tsire raguna a sanduna su jera su kewaye da wuta har yamma, a bar rabo sai washegari, kamar yadda aka saba a ƙasar nan. Amma duk abin da ya biyo baya, daga kayan ciki zuwa suyar da ke cin kwana biyu, a wuyan mata yake, don haka ka yi haƙuri in fara da gyara kafin in gaya maka inda ni ma abin ya kama ni.

Malam, na ji kokenka sarai,
Sai dai hutun na maza ne kaɗai,
Mu tun asuba aiki ya hau kai,
Kuna inuwa, shayi na zagayawa.

Wa ya wanke hanji, ya kankare tumbi,
Da ruwan da zai iya cika gulbi?
Wa ya sha hayaƙi? Ku zo ku dubi
Idonmu jawur, hawaye na zubowa.

Kai da ƙafafu mu muka babbake,
Tukunyar suya da dare muka sauke,
Kwanonin baƙi duk muka wanke,
Sannan ka ce an sha hutawa.

Na ce in sun tafi zan sha barci,
In miƙe ƙafa, in rabu da ƙunci,
Shekaranjiya zan ɗora abinci,
Na auno tiya uku cikin mantuwa.

Mu shida muka rage a gidan nan,
Tuwon mutum ashirin ga shi nan,
Na zauna gaban murhu a wurin nan,
Ga hawaye, ga wuta ta daɗe da mutuwa.

Jikana ya manta takalmi ɗaya,
Na tsince shi can a bayan rijiya,
Na goge shi, na sa a cikin kaya,
Sai an sami mai zuwa Tasawa.

Ɗan Maraɗi mai aiki a Yamai:

Yaya Malam da Inna Hajiya, ina gaishe ku daga bakin kogin Isa. Ku biyu kun yi maganar gidan da aka bari, ni kuwa zan yi maganar wanda ya bar gidan, domin tafiyar da ta haura kilomita 600 tana ba mutum lokacin tunani fiye da yadda yake so. A cikin mota na yi wani lissafi da ya ƙara mini nauyi, kuma ina jin shi ne dalilin da ya sa kewar wannan Sallar ta fi ta Ƙaramar Sallah tsanani. Idan aka rabu bayan azumi, kowa ya san wata biyu da kwana goma ne a sake haɗuwa wurin layya. Amma daga 10 ga Zulhajji zuwa 1 ga Shawwal akwai wata tara da kusan kwana ashirin, kuma da yawa daga cikinmu ba ma sake ganin gida a tsakani sai idan rasuwa ko aure ya kira mu. Ban ƙware da ƙwar huɗu ba, wato baiti mai layi huɗu, saboda haka na yi nawa bibbiyu.

Yaya Malam, kai da ke gida ka koka,
Mu da muka bar gidan, me muke cewa?

Tun kafin assalatu muka bar tasha,
Garin na barci, ni ina waiwayawa.

Gidan Rumji ta wuce, Ƙonni ta wuce,
Dogon Dutsi, Doso, rana na karkatawa.

Na buɗe ɗakin haya, ƙura ta tarbe ni,
Babu mai ce mini sannu da isowa.

Inna ta cika mini gwangwani da soye,
Ta ɗaure bakinsa da tsumma don adanawa.

Tsoka ɗaya nake ci kowace safiya,
Kada ƙamshin gidanmu ya yi saurin gushewa.

A buro takardu sun taru suna jirana,
Ba su ci Sallah ba, ba sa tausayawa.

In na kira waya aka ce ga Inna,
Nakan ce lafiya lau, murya na rawa.

Tela, bakin kasuwa:

Malam, ni sana'ata ta sa Sallah takan zo mini a juye, domin makonni uku kafin ta ba na sanin dare daga rana, ranar idi kuwa da aka sauko barci na yi har la'asar. Yanzu da kowa ya koma bakin aikinsa, ni nawa aikin ne ya tafi hutu ba tare da ya nemi izinina ba.

Daren jajibiri ko kaɗan ban runtsa ba,
Keke na kuka, masu kaya na tsayawa.

Wannan ya ce wuya, wancan ya ce aljihu,
Wuta ta ɗauke, faɗa na biyowa.

Yau Juma'a, ranar kasuwa ce a Maraɗi,
Na share rumfa, babu mai leƙowa.

Riguna bakwai na rataye, an gama su,
Masu su sun yi shiru, babu mai zuwa.

Almakashi da zare sun kwanta barci,
Sai Oktoba, in lakwal ta buɗe, suke farkawa.

Dattijo manomi, Jiratawa (jikansa ne ya rubuta masa):

Ƴaƴana, Allah ya yi muku albarka. Yaron nan ya karanta mini abin da kuka rubuta tun daga farko, na ce masa ya ɗauki wayar ya rubuta abin da zan faɗa ba tare da ya gyara mini ba. Malamanmu sun koya mana cewa kabbarorin da ake yi bayan sallolin farilla suna farawa daga azahar ta ranar layya su ƙare da asubahin rana ta huɗu, salla goma sha biyar ke nan, kuma tun ina yaro nakan ji wani iri a azahar ɗin da ta biyo baya, idan liman ya yi sallama masallaci ya yi tsit. Saboda haka abin da Malam yake ji ba baƙo ba ne a wurina. Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai ta yi shekara 33 kafin ta zagayo inda ta taso, ni kuwa na ga zagayen nan sau biyu. Na ci ta a cikin sanyin hunturu, na ci ta a lokacin kaka da rumbu cike, yanzu ga ta a bakin damina, lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu, ga kuma gona tana kira. A duk waɗannan shekaru ban ga wadda ta yi mini nauyi kamar ta bana ba, ga kuma dalilin.

Ƴaƴana, kukanku na gane,
Ciwon da kuke ji daɗaɗɗe ne,
Amma naku baƙon mai dawowa ne,
Nawa ya tafi inda ba a dawowa.

Bara uwargidana ta raba mana nama,
Ta san rabon dangi, da maƙwabta ma,
Bana na riƙe wuƙa, hannu na kyarma,
Na rasa gidan da ake farawa.

Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta,
Ya haskaka kabarin, ya yafe mata,
Ya raya zuriyar da ke bayanta,
Ya sada mu inda ba a rabuwa.

Daren Alhamis hadari ya taso,
Ruwa ya sauka, ƙamshin ƙasa ya iso,
Na ta da jikana ko ba ya so,
Sungumi na sara, shi yana rufewa.

Kewar tana nan, ban ce ta tafi ba,
Na kai ta gona, ba ta hana ni ba,
Laimar shuka ba za ta jira ni ba,
Kwana biyu ne take bushewa.

Malamin lakwal, unguwar Zariya:

Baba, na karanta baitocinka sau uku, na kuma karanta wa Inna tamu, ta ce in isar maka da ta'aziyyarta. Allah ya ji ƙan marigayiya, ya ba ka haƙurin rashi, ya sa gerron da kuka shuka ya yi albarka. Hajiya, na karɓi gyaranki, har na je na yi wa maiɗakina sannu da aikin da ban yi mata ba tun ranar Sallah, ta dube ni tana mamaki. Ƙanena na Yamai, lissafinka daidai ne, sai dai ka rage ƙirga watanni, ka riƙa kiran Inna ko da ba ka da labari. Shi kuwa tela, ina tsoron ɗaya daga cikin riguna bakwai ɗin nan ta wani abokin aikina ce, zan yi masa magana.

Baba, waƙarka ta sa na rage murya,
In na ce na warke, na yi ƙarya,
Amma na tuge turken, na kai shi baya,
Igiyar na naɗe ta don shekara mai zuwa.

Na kai wa dillali jaka goma,
Saura sai wata ya mutu, ya yarda ma,
Yau a aji na ga hannuwa sama,
Lissafin da ya gagara suna warwarewa.

Hajiya, maƙwabcina direba ne,
Amintacce ne, sananne ne,
Gobe da safe Tasawa za shi ne,
Ki aiko da takalmin, shi ke kaiwa.

Uwar gida, unguwar Ali Ɗan Sofo:

Malam, na ɗauko takalmin har na sa shi a leda zan ba yaro ya kawo maka, sai na sake shawara a bakin ƙofa.

Malam, na gode, Allah ya saka,
Amma takalmin ya zauna a ɗaka,
In an yi hutun lakwal, kafin kaka,
Mai shi da ƙafarsa yake tahowa.