Neman kalma: me za mu kira aikin fasahar da ke cin abinci?

1/ Jama'a, ku taya ni. Kwana uku ke nan kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Ina shirya wani ɗan bayani da za a karanta a rediyo nan Jos, sai na ci karo da "bioart". Na san abin da ake nufi, amma faɗarsa da Hausa ta gagara. Kuma na ƙi in rubuta "bayo'at" in kama gabana.

2/ Ga abin. Wasu masu zane ne da sassaƙa suka ajiye fenti da yumɓu, suka shiga ɗakin gwaje-gwaje suna aiki da abu mai rai: ƙwayoyin cuta, tsoka, tsiro, ƙwayoyin gado. Wanda ya raɗa sunan a 1997 shi ne Eduardo Kac, ɗan Barazil mazaunin Shikago. A 2000 ya fito da labarin Alba, wata farar zomanya da aka haifa a wani ɗakin bincike a Faransa. An sa mata ƙwayar gado daga wata halittar teku mai kama da laima, jikinta ruwa-ruwa. Da rana zomanya ce kamar kowace. A haska mata shuɗin haske, sai ta yi ƙyallin kore. Ya so ya kai ta gidansa, masu ɗakin binciken suka hana.

3/ Aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na mutum biyu daga Perth ta Ostireliya, Oron Catts da Ionat Zurr. 'Yar riga suka shuka. Eh, shuka. 'Yar mitsitsiya, daga ƙwayoyin jikin ɓera, a cikin tulun gilashi, ana ɗura mata abinci ta siririn tiyo. A 2008 aka kai ta baje koli a MoMA, gidan baje kayan zane da sassaƙa na Niyok, sai ta riƙa girma fiye da kima har ta fara toshe na'urar. Dole aka yanke mata abincin, ta mutu. To wane suna za ka ba abin kallon da in ba a ciyar da shi ba zai mutu?

4/ Na fara da "fasahar halitta". Na kai wa yayana da ya daɗe yana aikin gwaje-gwaje a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Muna zaune wajen mai shayi a Bauchi Road, sanyi na kaɗawa, ya riƙe kofi da hannu biyu. Ya ce, "Ƙanena, wannan ai sunan aikinmu ka ɗauka. Waken nan SAMPEA 20-T da aka fitar daga Samaru a 2019, wanda tsutsa ba ta cin sa, shi ma fasahar halitta ce. Kai kana maganar abin kallo, mu muna maganar abin ci." Gaskiya ya faɗa. "Fasaha" ta riga ta ɗauki kaya da yawa, daga waƙa har wayar hannu.

5/ Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Kalmar "halitta" a kunnen Bahaushe ba ta wasa ba ce. Ka ce a rediyo wani Bature ya yi "halitta", kafin ka rufe baki wayoyi sun fara shigowa, an janyo maka ayar Suratun Nisa'i kan canza halittar Allah. Muhawarar halal da haram tana nan, malamai za su yi ta. Amma bai kamata sunan da kansa ya yi da'awar abin da mutanen ba su yi ba. Kac bai halicci zomo ba. Zomo ya tarar.

6/ "Zane mai rai"? A'a. Wasu za su ɗauka katun ake nufi, wasu kuma zanen mutum ko dabba.

7/ Wata baiwar Allah ta rubuto mini jiya: "Malam, me ya hana 'ɗan aure', kamar mangwaro?" Hajiya, wallahi kin burge ni. Duk wanda ya taɓa ganin mai lambu ya fere reshe, ya tsaga wani, ya cusa, ya naɗe da leda, ya san mun daɗe muna haɗa rai da rai. Kalmar ta dace da Alba ƙwarai. Sai dai 'yar rigar can ba aure aka yi mata ba, reno ne. Kalmar ta rufe kai, ƙafa na waje.

8/ Inda na tsaya yanzu: RAYAYYAR ƘIRA.

Dalilina, maƙeri bai taɓa cewa shi ya yi ƙarfe ba. Samunsa yake yi, ya sa a wuta, ya buga, ya fitar da siffa. Kuma "ƙira" a bakinmu ta riga ta shiga jiki: muna cewa wane ƙirar ƙarfi gare shi, doki mai kyan ƙira. Ga aikin hannu, ga siffar jiki, a kalma guda. "Rayayya" kuma ta raba ta da kawunan yumɓu na Nok da ke gidan tarihinmu na Jos, waɗanda suka shekara fiye da dubu biyu ba su nemi ko kurɓin ruwa ba.

9/ Na gwada ta a jimla, don kalmar da ba ta zauna a jimla ba ta mutu tun a haihuwa. "An buɗe baje kolin rayayyar ƙira." Ta zauna. "Rayayyar ƙirar ta mutu kafin a rufe baje kolin." Wannan ma ta zauna, har da ɗan ban dariya. Yayana ya ji, ya kurɓi shayi, ya ce ba laifi, wanda a wurinsa yabo ne babba.

10/ Abin da ya rage shi ne sunan mai yin aikin. "Maƙerin rai" ya zo mini, na yi maza na goge, don ya koma ramin da na gudo daga ciki. "Mai rayayyar ƙira" ya yi tsawo, kuma kamar mai shago. Ranar Alhamis da safe zan miƙa rubutun, kafin nan ina jiran mutanen Kano da Zariya.