Neman kalma: ruwan da ya sauka inda babu ma'auni

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamaina. Ina fassara rahoto a kan taswirar ruwan sama da za a karanta a rediyo gobe da hantsi, kuma kalmar "interpolation" ta tsaya mini. Abin nufi shi ne, tun da tashoshin auna ruwa ba su da yawa, masana kan ɗauki abin da aka auna a tashoshin da ke kewaye, su haɗa da tsayin ƙasa da fuskar da tudu yake kallo da nisansa daga teku, sannan su fitar da adadin ruwan garin da ba shi da ma'auni. Na rubuta "hasashe", amma hankalina bai kwanta ba.

Malamin labarin ƙasa: Wa'alaikis salam, Malama. Hasashe na abin da bai zo ba ne, irin bayanin damina da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, take fitarwa a farkon shekara. Wannan kuwa ruwa ne da ya riga ya sauka. Ni "ƙiyasi" nake gaya wa ɗalibaina, kuma da Jos nake ba su misali. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, yana samun wajen milimita 1,400 a shekara, domin iskar damina daga kudu maso yamma takan ci karo da duwatsun wajen Kagoro, ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta, kafin ta gangara Bauchi ta rage nauyi. Wanda ya raba bambancin garuruwan biyu da nisa kaɗai, bai duba tudu ba, taswirarsa za ta yi ƙarya.

Dattijo mai kishin harshe: Ƙiyasi Larabci ne, kuma na malaman fiƙihu ne. Muna da "kirdado". In kuma ana son sabuwa, na daɗe da ƙirƙiro "tsakankantawa" daga "tsakani", wato a tsakankanta ruwan wuri.

Malamin labarin ƙasa: Allah ya gafarta malam, kirdado shi ne manomi ya tona ƙasa bayan ruwan farko, ya ga laima ta kai taƙi guda, ya ce ya isa shuka. Wannan lissafi ne da kwamfuta take yi, har tana faɗin iyakar kuskurensa. Kuma "lissafi" da "taswira" duk daga Larabci suka zo, ban ji an kore su ba.

Dattijo mai kishin harshe: Waɗancan sun shekara ɗaruruwa a bakinmu. Abin da nake ƙi shi ne ragwancin 'yan boko, duk wanda ya rasa kalma sai ya ruga maƙwabta aro, alhali rumbunsa a cike yake.

Ma'aikaci daga Yamai: Ranka ya daɗe, masu ilimin ma aro suke yi. Fitacciyar hanyar wannan lissafi, "kriging", sunan Danie Krige ta ci, injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu da ya nemi sanin yawan zinariya daga 'yan ramukan gwaji. A nan, inda AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma da ruwa ta ƙasashen Sahel, take tun 1974, kalmar Faransanci ake faɗa, kuma daidai take da ta Turanci, wato "interpolation". Ƙorafina ɗaya ne: kullum aka zauna neman kalma, da kunnen Kano ake yanke hukunci, kamar Maraɗi da Damagaram ba sa sauraron rediyo.

Mai fassara: Don Allah a bar batun Kano zuwa jibi. Baba, na gwada "tsakankantawa" sau uku da ƙarfi, harshena ya harɗe sau biyu, kuma mai karanta labarai ba zai yafe mini ba. Yaya kuke ganin "ƙiyasin tsakani", in yi masa bayani sau ɗaya a farkon rahoton?

Ma'aikaci daga Yamai: Mutumin Tawa zai gane shi, sai dai bai nuna cewa an sa tudu da kwari a lissafin ba.

Malamin labarin ƙasa: A ƙara "bisa yanayin ƙasa" duk inda ake bukata.

Dattijo mai kishin harshe: Ban gamsu ba, amma tun da rabin kalmar tawa ce, ki tafi da ita gobe, 'yata. Ni dai a rubutuna "tsakankantawa" zan ci gaba da sawa.

Mai fassara: Na gode. Saura "rain shadow", wato gefen tudun da ruwa yake tsallakewa. Na cire "inuwar ruwa" domin mai sauraro zai zaci wurin ni'ima ne, na sa "bayan dutse" kafin a samu wadda ta fi.